Katin gayyatar da ya kulle muryar Yaya Ƙande

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, Waca

Yau sati uku da 'yata Rumaisa ta kawo mini tsohuwar ordinatarta, wato kwamfuta, daga Damagaram. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da alli a lakwal, makarantar boko, ga shi da furfurata 'yar cikina ta zaunar da ni tana "Baba, ba nan ba, can." Na dai iya. Ina ɗaukar muryar Yaya Ƙande da waya, in juye cikin ordinatar, in share ta wayar don wurin ya yi kaɗan. Yaya kaɗai ta rage da ta san asalin gidanmu, tunaninta kuwa yanzu sai ranar da ya ga dama. Juma'ar da ta wuce ya ga dama. Ta jero kakannin Innarmu mata har bakwai, kowacce da garinta. Ban taɓa jin sunayen nan ba, har ƙwalla na yi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Rumaisa ta buɗe mini imel don in riƙa aika mata muryoyin tana ajiyewa. Da wannan rezo namu na Waca, da ko kiran waya da ƙyar yake shiga? Na ce sai bayan girbi. Saƙo dai yana shigowa, kuma mutanen ciki akwai ladabi, kowa da sallamarsa. Na amsa wa duka. Wani daga ƙasar da ban ma san inda take ba ya kira ni amininsa. Na tambaye shi iyali da damina.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na ba Rumaisa labarin aminina a waya, ina jiran yabo, sai faɗa. Wai kada in ƙara buɗe saƙon wanda ban sani ba, balle mai ɗauke da takarda ko hoto, ta nan birus ke shiga ya lalata komai. Na ce tun yaushe aka fara barin sallama ba amsa? Ta ce, "Baba, ɓarawo ma ya iya gaisuwa." Tarbiyyar birni ke nan. Na ce to, don ta bar ni.

Lahadi, 13 ga Oktoba

An gama ɗaure gero. Bayana kamar ba nawa ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Gayyatar ɗaurin aure daga wani Harouna Illa. Masu suna Harouna da suka bi ta ajina sun fi ashirin, 'ya'yan Illa ma haka. Yaro ya girma ya tuna da malaminsa, in ƙi duba katinsa? Na danna. Ordinatar ta tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda mana. Ba abin da ya fito. Na ƙara har sau uku. Na rubuta masa Allah ya sanya alheri, kati bai buɗe ba, ya faɗa mini ranar.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ba murya ɗaya da ke buɗewa. Sunayen da na sa musu sun koma wasu haruffa marasa kan gado, ga jan rubutu ya cika fuskar wai an kulle komai. Na kashe, na kunna, na kashe. Goma sha huɗu ne, har da ta Juma'a. Gaskiya na tsorata, ko fura ban iya sha ba. Ban kira Rumaisa ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na naɗe ordinatar cikin zanen gado na shiga taksin Magariya, ina rungume da ita kamar mai kai jinjiri asibiti. Na kai wa Anwar, tsohon ɗalibina mai shagon gyara, wanda lissafi ya sa muka sha fama da shi. Yanzu har da tumbi da 'ya'ya huɗu. Ya duba, ya dube ni, yana ƙoƙarin haɗiye dariya, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami a lakwal.

"Mushe, ai ɓarawon nan bai fasa gida ba. Kai ka buɗe masa, har sau uku."

Ya nuna mini adireshin da ke ƙarƙashin sunan: tarkacen lambobi, ba Harouna ba Illa. Ya ce suna kowa na iya arawa, adireshi ake dubawa. Amsar da nake ba su ma ita ke shaida musu akwai mutum a gidan, shi ya sa suke ƙaruwa. In saƙo ya zo da sunan wanda na sani ma, in kira shi in ji kafin in taɓa abin da ke maƙale. Ya sa na maimaita masa kamar hadda. Na ga yana jin daɗin ramuwa, na ƙyale shi.

Ya wanke ordinatar tas, ya sa mata mai gadi da ke tare birus. Sannan ya karɓi wayata ya tono tara cikin waɗanda na share. Na kusa rungume shi a gaban mutane. Ta Juma'a ba ta ciki.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na gaya wa Rumaisa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Sannu kawai ta yi mini, kuma wannan ya fi ciwo.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Yaya Ƙande ta yi dariya har da tari. "Ashe akwatin naka ma mantuwa gare shi? Ni kake ta zargi." Na roƙe ta ta sake jero kakannin. Ta ce waɗanne? Sai ta koma labarin akuyarta da ta ɓata shekara arba'in da suka wuce. Na ɗauka a waya dai, shi ma labari ne.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Taran nan suna wuri uku yanzu: ordinatar, kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, da Anwar ya ba ni, da wajen Rumaisa. Na tsaya awa biyu bakin tasha, inda rezo ya fi kamawa, kafin su tafi wajenta, masu kabu-kabu suna tambaya ko mota nake jira.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Da hantsi muna ɓarar gyaɗa, ba wanda ya tambaye ta, sai Yaya ta fara jero kakannin. Na kunna waya, na jawo littafi ina rubutawa da hannu ma. Ɗaya, biyu, har biyar, da garuruwansu. Ta tsaya. Ta daɗe tana juya gyaɗa ɗaya a hannu, sannan ta ce, "Laminu, wa ke biye? Ai ranar na faɗa maka." Ta faɗa mini. Ni ne ban riƙe ba, na bar wa ordinatar.

Bayan la'asar wata gayyata ta shigo, ta suna, daga wani Mahdi. Na duba adireshin na share. Ba don maganar yaran nan ba, idona ne ya gaji, kuma duk ɗalibin da ke nemana ya san hanyar Waca.

Ƙarƙashin suna na biyar na bar layi biyu ba rubutu. Gobe ma akwai gyaɗar ɓara.