An Kori Ungozomata

Tawa, Disamba 1963

Yaya Balkisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya, cikina ya shiga wata tara.

Yaya, tambaya ce ta kawo ni, tunda ku ne a Yamai kusa da manya. An ce an kori ma'aikata 'yan Dahome duka saboda rigimar wani tsibiri da ban taɓa gani ba. Har da Madam Sesil, ungozomar asibiti da ta sauka a gidanmu shekara uku. Ita ta taɓa cikina ta ce biyu ne, ɗaya a gicciye, kada in yarda in haihu ba ta kusa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Kin san a nan ƙasar Adar ba a korar baƙo sai an je wurin mai masaukinsa, an kira maƙwabta sun ji laifinsa. To ƙasa fa, ba ta da maƙwabtan da take kira? Maigidana Arzika ya ce 'yancin ke nan, yanzu ba mu neman iznin kowa, da kuwa ko rijiya za a haƙa sai Bature ya yarda. Na ga gaskiyarsa, duk da shi ko akuya ba ya sayarwa sai ya tambayi unguwa kaf. Amma izni daban, shawara daban, ko ba haka ba? Ki tambayar mini maigidanki ko an aika wa sauran ƙasashe tukuna.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Habi

Tawa, Janairu 1964

Yaya Balkisu,

Ina gaisuwa, ya sanyi? Takardarki ta iso. Ashe ba a aika wa kowa ba, sai yanzu maƙwabta ke shiga tsakani. Me ya sa sai bayan an yi?

Babbar motar kamiyo ta kwashe su Madam ranar Lahadi, naƙuda ta kama ni Laraba. Tsohuwar ungozomar ƙauyen Bambai da aka ɗauko ta yi iyakar ƙoƙarinta, ban ga laifinta ba.

Jiya aka yi suna, rago ɗaya. Na roƙi Arzika a sa wa wadda ta rayu wani suna daban, ya ce ba a canza wa 'yar tagwaye sunanta. Yanzu duk wanda ya ji Hasana sai ya tambaya ina Usaina.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Habi