Akwatin Baban Gift

Kalgo.

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, ke da mutanen gida duka a Zuru. Yaya ƙafar taki? Yaya kuma ƙarin haƙuri?

Na rubuto ne don na san kunnenki ba ya ɗaukar waya, Maryam da ke wurinki za ta karanta miki. Ɗanki Baban Gift bai sha wahala ba. Daga makaranta ya dawo da alli a hannunsa, ya ce ƙirjinsa, kafin mu kai asibitin Birnin Kebbi ya cika. Yana can ɗakin ajiyar gawa. Saƙonki ya iso, cewa a kawo shi ya kwanta kusa da mahaifinsa. Na yi miki alkawari, zan kawo shi.

Taki,
Rifkatu.

Kalgo.

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Gift da ƙannenta suna gaishe ki.

Mama, ban san ta inda zan fara ba. Na je tasha, abin da direbobi suka faɗa na ɗaukar gawa zuwa Zuru, ko na sayar da kekena na ɗinki ba zai kai ba. Na sayar ɗin ma, kuɗin suka tafi asibiti, don kowace safiya da ya kwana can sai an biya. Zumuntar mata sun yi baiko, sun tara mini ɗan kuɗi, Allah ya saka musu, amma cocinmu ƙarami ne.

Sai na hau mota zuwa Gwandu wurin Malam Abdulgani, amininsa tun suna koyarwa tare. Na shirya maganata tun a hanya. Matarsa Huseina ta rungume ni tana kuka, ta kawo fura. Ina sha na lura rumbunsu a buɗe yake, babu komai ciki, ruwa ya cinye musu shinkafar bana. Malam ya tambaye ni har sau biyu ko akwai abin da ya kawo ni. Na ce gaisuwa ce kawai. Suka ƙulla mini gero a bakin zane, na karɓa kaina a ƙasa.

Mama, ba zan iya kawo shi ba. Na zauna da Fasto, za a yi biso, a binne shi a nan Kalgo ran Asabar. Ni na yi alkawari, ni na karya. Maryam, ki karanta mata wannan a hankali.

Taki,
Rifkatu.

Kalgo.

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Ina fata su Baba Yusufa, ƙanenki, sun iso gida lafiya. Gara ki ji daga bakina kafin ki ji a gari.

Akwati ma ya gagare ni. Zubair kafinta, maƙwabcinmu, ya ce in akwai katako zai haɗa ba tare da ladan aiki ba. Na duba ɗakin, babu katako mai kyau sai gadonmu, wanda kika ba mu lokacin aure. Da hannuna na kwance shi. Zubair ya goge, ya shafa fenti, amma zanen furen nan na wajen kai bai ɓoyu ba.

Malam Abdulgani ya zo daga Gwandu da fatanya, ya shiga cikin masu haƙa. Tsofaffin ɗaliban Baban Gift suka cika wurin, har shinkafar da muka dafa ta ƙare kafin mutanen Zuru su samu. Baƙin da suka yi wannan doguwar tafiya, ruwa kawai na ba su.

Da aka sauke akwatin a bakin kabari, Baba Yusufa ya tsaya yana kallonsa. Ya sa yatsa a kan furen, ya ce, “Ni na ɗauko gadon nan a kaina daga kasuwa.” Kowa ya ji. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya shimfiɗa a kai, ya ce a sauke shi da ita. Har yau ban sani ba ko tausayina ya ji, ko kunyar idon mutane ce ta sa ya rufe.

Na shuka dogon yaro a wajen kan kabarin, yara suna ba shi ruwa. Idan kin yarda, zan kawo miki su lokacin Kirsimeti. Idan ba ki son ganin fuskata tukuna, zan sa su a mota su kaɗai, ba zan ga laifinki ba.

Ki gaishe da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Matar ɗanki,
Rifkatu.