Kabarin da Ba a Haƙa Ba

Goggo Verna,

Don Allah ki taimake ni. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa, kuma ko yanzu ban tabbata zan kai ta ƙarshe ba, domin ni ba a san ni da ƙarasa abin da na fara ba. Idan kin ga ina kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka kaina yake.

Shekarata arba'in da uku. Shekara tara ke nan ina aiki a gidan shirya jana'iza na garinmu, nan arewacin Minnesota, kuma shi ne aiki na farko da na taɓa daɗewa a kansa. Kafin shi wurare uku sun sallame ni, na huɗu kuwa ni na gudu kafin su riga ni. Mai wurin, Mista Halvorsen, mutum ne mai tsari, ko alƙalaminsa yana da wurin kwanciya. Yakan ce da mutane wai ni ce zuciyar gidan. Idan aka shigo da kuka ni ake turawa. Ina iya zama awa uku da matar da mijinta ya rasu jiya ban dubi agogo ba, in riƙe sunan jikokinta, in riƙe waƙar cocin da mamacin yake so. Amma ki zo ki ga teburina. Takardun tunatarwa sun rufe shi, har akwai wadda na rubuta don ta tuna mini in karanta sauran.

Tun ina yarinya haka nake. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce da ba a haɗe kaina yake da wuyana ba da tuni na bar shi a motar makaranta. Malamai kuma kullum maganarsu ɗaya, wai ina da basira amma ba na mai da hankali. Na girma ina ɗaukar kaina shashasha wadda ta iya ɓoye shashancinta. Sai bara da kaka, da aka kai 'yata Maren wurin likita saboda makaranta ta yi ƙorafi a kanta, aka ba ni takardar tambayoyi in cike game da ita. Ina cikewa hawaye na zuba, domin kowane layi ni yake kwatantawa. Daga baya ni ma aka duba ni, aka ce ina da lalurar nan ta rashin iya tattara hankali wuri ɗaya, wadda suke kira ADHD. Aka rubuta mini magani. Na sha na wata ɗaya, kuma wallahi kamar an kashe rediyo guda biyar da suke ta surutu a cikin kaina tun haihuwa. Da ya ƙare ban koma ba. Matar da ke ba da magani a kantin garinmu cocinmu ɗaya, benci biyu ne tsakaninmu, ina jin kunyar ta san abin da nake sha. Kullum sai in ce gobe zan je, har goben ta zama wata biyu.

To, ga abin da na yi.

A watan Janairu wani dattijo manomi, Arvid Lindqvist, ya rasu. Iyalinsa suka zo ranar Litinin, aka sa jana'iza ranar Asabar saboda ɗansa zai taso daga Alaska. Kin san ƙasarmu a wannan lokaci, daskarewa take kamar dutse, sai an kwana biyu ana gasa ta da wuta kafin a iya haƙa. Saboda haka aikina na farko shi ne in kira Orville, mai haƙa kaburbura a maƙabartar cocin. Na ɗauki wayata, na tuna sarai na ɗauka. Sai idona ya faɗa kan hoton mamacin da matarsa ta kawo don a buga a takardar jana'iza, hoton ranar aurensu, ya yage ta tsakiyar fuskarsa. Na ce bari in ɗan duba ko zai gyaru. Goggo, awa uku na yi a kan hoton nan. Ya fito kamar jiya aka ɗauke shi. Da matarsa ta gani sai da ta rungume ni. Ni kuma duk satin nan, duk lokacin da Orville ya faɗo mini a rai, sai in tuna wayar a hannuna in ce ai na kira.

Ranar Asabar aka fito daga coci, motoci kusan talatin a jere, muka isa maƙabarta. Dusar ƙanƙara shimfiɗe fari fat, ko sawun tsuntsu babu. Ba rami, ba alamar an taɓa wurin. Mutane suka firfito suna kallon juna cikin sanyin da ke yanka fuska. Misis Lindqvist, mai shekara saba'in da tara, tana tsaye da sandarta tana dube-dube, tana tambaya ko ba nan ba ne wurin da suka saya. Mista Halvorsen ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kin kira Orville kuwa?" Na ce, "Tun ranar Litinin."

A lokacin da na faɗa, rabin zuciyata ta yarda da shi. Amma da na shiga mota na buɗe wayata na duba. Babu kira. Na sake dubawa har sau uku. Ga Mista Halvorsen a gabana, taku goma ne tsakaninmu, yana ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da wayar aljihu.

Aka koma da akwatin gawar. Sai ranar Talata aka binne shi. Ɗan nasa dole ya koma bakin aikinsa ranar Lahadi, bai ga an sa mahaifinsa a ƙasa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye shi kamar yadda na haɗiye dubu irinsa. Orville shekararsa sittin da takwas, ya fi shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa saɓawa ba. Matarsa Bernice ta rasu bara. Yanzu duk gari zancen da ake yi ke nan, a wurin shan kofi, a bakin coci, wai tsufa ya kama Orville, wai ya fara ruɗewa. Kwamitin maƙabarta zai zauna ƙarshen watan nan don a duba ko za a ba wani aikin. Makon jiya kuma ya shigo ofishinmu, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya tsaya gaban teburina ya ce, "'Yata, ki yafe mini, na ja miki abin kunya. Na yi ta tunani ban tuna kiranki ba. Tun da Bernice ta tafi kaina ba daidai yake ba. Ɗiyata ma ta ce za ta kai ni asibiti a duba ni." Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce masa, "Ba komai, kowa yana mantuwa." Har kofi na zuba masa.

Mijina bai sani ba. Ba wanda ya sani sai ke. Idan na faɗi gaskiya aikina ya tafi, kuma a gari irin namu ba inda zan sake shiga ba a nuna ni da baki ba. Idan na ce ina da lalura, za a ce na samo sunan likita na lulluɓe sakacina da shi. Wani lokaci ni kaina haka nake gani. Shin in gaya wa Mista Halvorsen abin da likita ya ce? Ko in ajiye aikin kawai in ce na gaji, tunda dai mai irin kaina bai kamata a ba shi amanar gawa ba? Ko akwai hanyar da zan ceci Orville ba tare da na tona kaina ba?

Wadda ta kasa ɗaga ido

*

'Yar uwata,

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, tunda ita kika fi so in ce eh. Babu wannan hanyar. Na juya ta ta kowane gefe ban samu ba, kuma na san ke ma kin juya kafin ki rubuto.

Abu biyu kika haɗa a ƙulli ɗaya, dole mu raba su. Mantuwar kiran, da awa ukun da hoto ya cinye, da tunanin da ya yi ta gaya miki kin kira alhali ba ki kira ba, wannan duk halin lalurarki ne. Ba lalaci ba ne, ba rashin tausayi ba ne. Mutane da yawa masu irinta haka suke a wurin aiki, su ƙware a abu mai wuya, ƙaramin abu ya kayar da su. Kunyar da kika ɗauko tun daga motar makaranta ba taki ba ce, ki sauke ta. Amma mayar da waya aljihu bayan kin ga babu kira, da zuba wa Orville kofi, wannan ba likitan da zai rubuta masa suna. Tsoro ne ya sa ki, na gane, amma ke kika zaɓa. Wannan kunyar taki ce, kuma tana da magani.

Ki fara da Orville, ido da ido, a gidansa, kafin kowa. Ki gaya masa a taƙaice cewa ba ki kira ba, kin gano haka tun a maƙabarta, kika yi shiru. Kada ki kawo zancen lalura a wannan zama, domin ban haƙurin da aka haɗa da dalili rabinsa ya zube. Kada kuma ki nemi ya lallashe ki. Idan ya yi fushi, haƙƙinsa ne. Daga gidansa ki wuce wurin Mista Halvorsen a ranar, ki nemi a sanar da kwamiti a rubuce kafin su zauna. Misis Lindqvist da ɗanta su ma suna bin ki gaskiya. Mijinki kuwa ki gaya masa kafin ki fita, don ki sami wanda zai tarye ki idan kin dawo.

Ba zan ruɗe ki ba, kina iya rasa aikin. Wanda aka yi wa ƙarya a gaban jama'a yana da damar ya ce ya gaji. Amma mutumin da ya shekara tara yana tura ki wurin masu kuka ya san abin da zai rasa. Shi ma yana da nasa kason laifin, domin gidan da ya rataya jana'iza guda a kan kiran waya ɗaya, ba wanda ya leƙa maƙabarta ranar Juma'a, tsarinsa yana da ɓaraka ko da wa ke zaune a teburin. Wannan ba maganar ranar ban haƙuri ba ce, ki ajiye ta sai ƙura ta lafa.

Batun gaya masa abin da likita ya ce kuwa, sirrinki ne, ba wanda zai tilasta miki. Faɗinsa na iya buɗe miki ƙofar neman sauƙi a wurin aiki, yana kuma iya sa a riƙa kallon kowane kuskurenki da wannan ido. Idan kin zaɓi faɗa, ki bari sai wani zama daban, ki zo da abin da za a yi a hannu: jerin ayyuka ɗaya ga kowace jana'iza, Orville ya riƙa tabbatar da saƙo a rubuce, wani kuma ya bi bayanki ya duba saura kwana biyu. Kafin nan ki tambayi masanin dokar aiki abin da ya shafi ƙaramin wuri irin naku.

Ki koma wurin likitanki a wannan makon, ki gaya masa kin daina shan magani da abin da ya hana ki. Akwai kantuna a wasu garuruwa, kuma ba laifi ki roƙi mijinki ya riƙa tuna miki ranar karɓa. Ajiye aiki kuwa ba tuba ba ne, gudu ne, kuma zai bar Orville da laifin har abada.

Ki yi sauri, ba don kwamiti kaɗai ba. Akwai dattijon da yake zaune a gidansa shi kaɗai yana zargin ƙwaƙwalwarsa a kan abin da bai faru ba, har ana shirin kai shi asibiti. Duk garinku ba wanda ya kai ki sanin ɗacin mutum ya daina yarda da kansa. Ke shekara arba'in kika yi kafin wani ya ce miki ba haka ba ne. Shi kuwa kina iya gaya masa yau.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran waɗanda aka ɓata wa, ya sa ki ɗaga idonki.

Goggo Verna