Tukunyar da Gwaggo Ta Sa Aka Zuba

Garejin Bakin Tasha,
Gumel.

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da aiki, da zaman Fatakwal. Mu'minat ta sauka lafiya kamar yadda ka ji, an yi suna ranar Talata, yarinya ta ci suna Ummi. Na san ka kira ni sau huɗu ban ɗauka ba. Wayata lau take, bakina ne ya kasa, shi ya sa na ba direban da zai zo wajenku wannan takarda.

Maganar motarka Golf ce. Ka san tun da Abdulfatah na Maigatari ya wuce ka a tseren bara nake kwana da abin a raina. Tof silindan nan, wato kan injin, mai bawul goma sha shida da ka sha wahala ka samo a Kwatano, wata uku na yi ina gyara shi. Na faɗaɗa hanyoyin iskarsa, na bi su da samfefa har yatsuna suka sale, na zaunar da kowane bawul da hannuna. Saura in ɗaura sabon gasket in rufe injin, mu jira ranar tseren da aka sa, Lahadi ta sama.

Ka ce kada in fitar da shi daga gareji. Ban ji ba. Da haihuwa ta matso sai na kai shi gida don in riƙa ƙarasawa ina kusa da ita, na ajiye shi cikin daro a ƙarƙashin rumfa, na rufa masa buhu.

Gwaggo Rakiyya ta zo daga Ɗanzomo zaman jego. Ka san ta da shara. Ina can wajen sayen ragon suna ta ɗaga buhun, ta ga abin da ta kira mushen ƙarfe yana warin fetur kusa da ɗakin mai jego. Ta kuma tarar tukunyarmu ta yi ƙanƙanta da dafa ruwan wanka. Sai ta aika wa Ilu mai zuba tukwane da shi.

Da na dawo na ga daro wayam, Yaya, sai aka ce mini yana wajen Ilu. Na hau babur na bi shi har maƙerarsa. Na samu ya riga ya fasa, ya narka, ya zuba, tukunya tana hucewa cikin yashi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutumin nan ya san abin da ya riƙe. Da bakinsa ya gaya mini bai taɓa narka alminiyon mai kyau irinsa ba, har ya yi mamakin wanda ya goge cikinsa haka. Ya ga aikin, ya yaba, ya ɗaga guduma. Sannan ya miƙo mini bawul ɗin da sifirin a leda, wai su ba sa narkewa, ko za su yi mini amfani. Tir! Ban san lokacin da na tofar da yawu a gabansa ba.

A gida kuwa ba damar magana. Matar da ta goya mu bayan rasuwar Inna, me zan ce mata? Ranar suna ta sa aka fito da tukunyar tsakar gida, mata suna ƙwanƙwasawa suna yaba kaurinta, ita kuma tana ba da labarin yadda ta mai da bolar Abdulganiyu abin arziki. Baba ya kira ni ya ce in durƙusa in yi mata godiya. Na durƙusa, na yi. Naman sunan ma ban iya ci ba.

Na buga waya Kano, na tambaya Zinder, babu irinsa. Wanda aka samu mai bawul takwas ne, da shi ko motar haya ta Gagarawa sai ta ba ka wahala. Jiya na aika wa Abdulfatah cewa ba za mu fito ba. Ban faɗi dalili ba, amma labari ya riga ni isa. Yanzu duk wanda ya biyo ta gareji sai ya tambaye ni ko ruwa ya tafasa.

Kada ka kira Gwaggo, don Allah. Har gobe gani take alheri ta yi mana, kuma ni na kai mata shi har inda tsintsiyarta take. In za ka yi faɗa, da ni za ka yi, zan ɗauki wayar yanzu.

Itacen wankan ma ni nake faskarawa. Safe da yamma ni nake hura wuta a ƙarƙashin tukunyar, sai an yi arba'in, kuma yau kwana goma sha ɗaya ke nan.

Ka gaida abokan aikinka. Mu'minat da Baba suna gaishe ka. Gwaggo ma ta ce a gaishe ka, wai in ka tashi aure ta ga sauran ƙarafa a bayan ɗaki.

Naka ƙane,
Abdulganiyu