Sabuwar Eriya Don Linus

Gangare, Jos
Nuwamba 2002

Zuwa ga aminina Linus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Uchenna da yara. Yaya hannun? Yaya zaman Anaca? Uwargida Kubra tana gaishe ku, ta ce tun da matarka ta tafi ba ta ƙara cin miyar ganyen ugu ta kirki ba.

Ka san abin da na tarar a ƙarƙashin teburin da nake gyaran rediyo? Rimot ɗin ɗan jirgin samanmu na wasa. Ashe ranar da garin nan ya rikice a wurina ka bar shi tare da jirgin, shi ya sa ba su ƙone da shagonka ba. Eriyar a karye take, kuma kai ka zauna a kanta tun tuni, kada ma ka fara musu. Na ciro wata mai kauri daga tsohuwar rediyo, na auna tsawonta, na liƙe da dalma. Yanzu za ta kai nisan da waccan ba ta taɓa kaiwa ba.

An gaya mini yatsu biyu aka cire maka a hannun dama, har da babban. Linus, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Sai na buɗe rimot ɗin na mayar da tuƙin gaba ɗaya kan sandar hagu. Totur kuwa, na ƙara gudu, na yi masa faffaɗan mariƙi da guntun silifa, da tafin hannu kawai za ka tura shi. Muni kam yana da shi, amma yana aiki.

Saura gwajin nisa, wanda ka san mutum ɗaya ba ya yin sa. Ni in tsaya da rimot ina juya sanda, kai ka rungumi jirgi ka yi ta tafiya, kana ɗaga mini hannu duk lokacin da wutsiyar ta motsa, har inda za ta daina. Don Allah ka zo da Kirsimeti mu yi. Ba zan tashi jirgin nan sama ba sai kana wurin.

Naka har kullum,
Jabir

Gangare, Jos
Afrilu 2005

Aminina Linus,

Ina gaishe ka da iyali duka, da fatan kowa lafiya. Mu ma muna nan, alhamdu lillahi.

Haba, Linus! Kirsimeti nawa ke nan? An ba ni lambar wayarka, na kira har na ji kunyar mai kiran waya na bakin titi. Sau ɗaya Maman Uchenna ta ɗauka, ta ce kana barci, da rana tsaka. Ni ba yaro ba ne. In na yi maka laifi ka faɗa, in kuwa laifin garin ne, ni ma a cikinsa nake ina shan nawa.

Na je filinmu na bayan Bukuru, gefen tsohon ramin kuza. Dantong mai gonar dankali, wanda yake barin aikinsa ya zo kallon jirgi, ya gane ni. Ya ba ni ruwa, ya tambaye ka, sannan ya raka ni har bakin hanya ya roƙe ni kada in ƙara zuwa, don ba zai iya tsare ni ba. Idonsa cike da hawaye yake faɗa. Ban ga laifinsa ba.

A unguwa na nemi mai yi mini tafiyar gwaji, kowa ya noƙe. Wa zai rungumi abu mai batir da wayoyi ya ratsa Jos ta yanzu? Sai na ɗora jirgin kan katanga, ni na ɗauki rimot na yi tafiyar. Ka ji wauta: na yi nisa ina ta juya sanda, babu mai gaya mini ko wutsiyar tana motsi. Ina cikin haka masu tsaron shingen hanya suka tare ni. Sun zaunar da ni a rana, suna tambayar me nake shirin tayarwa da wannan doguwar eriya. Da kyar suka sake ni, bayan sun lanƙwasa ta. Na miƙe ta, amma tabon yana nan.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Naka,
Jabir

Gangare, Jos
Disamba 2008

Linus ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina gaida Maman Uchenna da yara. Na san kun ji abin da ya sake faruwa a watan jiya. Mun tsira da rai, shagona ne bai tsira ba. Jirgi da rimot suna gida, don tun ranar shingen nan Kubra ta hana ni fita da su.

Saƙon matarka ya iso ta bakin direban da ke kai kayan miya Anaca. Ta ce kun sayar da filin gidanku na nan, kuma ko sunan Jos aka ambata sai ka tashi ka bar wurin. To, na daina cewa ka zo. Yanzu ko ka ce za ka zo, ni zan hana ka. Na gaji, Linus, kuma ba na ganin ranar da garin nan zai koma yadda muka san shi.

Direban zai kawo maka rimot ɗin a cikin buhun dankali, don kada a gani a hanya. Naka ne, da hannunka aka auna shi, a hannuna ba ya zama daidai. Jirgin yana wurina. Wannan karon ma kai ne ka yi tafiyar, sai dai ka wuce inda zan hango hannunka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Lahadi in kun taso daga coci, lokacin da muka saba fita, ka zare eriyar har ƙarshe ka juya sandar hagu. Gyaran rediyo ne sana'ata, na san ba za ta kawo nan ba, ba sai ka gaya mini ba. Amma zan sa wa jirgin batir, in ajiye shi a tsakar gida, in zauna ina kallon wutsiyar.

Allah ya ba hannunka sauƙi.

Amininka,
Jabir