Kowa Na Tambayata Abin Da Mama Ta Ce

Tanti Sakinatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan gaya ma wannan magana. A aji shida na tsaya a lakwal, wato makaranta, in rubutun bai yi kyau ba ki yi haƙuri.

Mamarmu ta rasu a damanar da ta wuce. Ni na yi jinyarta, don yayata Bara'atu tana kasuwa wurin shagon Baba tun safe har yamma. Kafin rasuwar an riga an sa auren Bara'atu da wani ɗan garin Gene, in an gama yankan shinkafa. Yanzu an fara yanka. Baba ya ce biki sha'anin mata ne, shi dai a gaya mishi abin da za a saya.

Da yake ni ce kusa da Mama har ƙarshe, kowa ya ɗauka ta bar mini wasiyya a kan bikin. Gwaggo Mairo, ƙanwar Baba, ta zo ta zaunar da ni. Ta ce ta san Mama da son taro, lalle ta ce a yi anko, a kafa rumfa a ƙofar gida, a kira masu kiɗa. Ni ban iya duban babba a ido. Na sunkuyar da kai ina murza bakin zane. Ta tashi tana cewa ga shi nan, yarinya ta tabbatar.

Bayan haka Inna Kulu, yayar Mama, ta zo daga Madekali bisa kabu-kabu. Ita ma ta zaunar da ni. Ta ce Mama ba za ta so a buga ganga a gidan da anka yi mata wankan gawa ba, lalle ta ce a yi walima kawai. Nan ma na sunkuyar da kai. Ta koma ta gaya ma dangi.

Yanzu Gwaggo ta zaɓi atamfa har mata sun fara kai ɗinki. Labari ya kai Madekali, sunka aiko cewa in anka yi kiɗa, ko mutum ɗaya daga ɗakin Mama ba zai taka gidan ba. Gwaggo da Inna Kulu kowacce tana rantsuwa daga bakina ta ji. Bara'atu ta daina cin abinci. Inna Kulu ce ya kamata ta sa mata lalle, ta yi mata wanka.

Tanti, Mama ba ta ce ko ɗaya ba. Abu ɗaya ta faɗa, wata rana ina ba ta kunu. Ta ce ita ranar aurenta babu wanda ya tuna ya ba ta abinci har anka kai ta, kunya ta hana ta roƙo. Ta ce ranar auren Bara'atu in ga ta ci abinci. Sai barci ya ɗauke ta. Ina jin nauyin faɗi, kamar bai kai magana ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro, ba na jin komai. Ban yi kuka ranar rasuwa ba. Ana gardama a tsakar gida, ni ina wanke kwanoni, ina jin su kamar rediyon maƙwabta. Ba na murna da bikin, ba na baƙin ciki. Yaya ake shirya biki a gidan da babu uwa? Kuma ni lafiyata lau kuwa?

Ƙanwar amarya, daga Malanbil

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya ba ki ladan jinya. Rubutunki ya fito sarai.

Ba ki yi ƙarya ba. An koya miki sunkuyar da kai gaban manya, manyan kuma suka karanta abin da suke so. Amma shirun da kika yi a baya ladabi ne, wanda za ki yi daga yau zai iya raba yayarki da dangin uwarta. Sai ki yi magana a cikin makon nan, kafin a gama ɗinki.

Ban ce ki tunkari iyayenki mata ba. Ki fara da Bara'atu, ku biyu a ɗaki, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini. Sannan ku je wurin Baba tare. Wannan ya wuce sayayya, zumunci ne, kuma nasa ne. Shi zai ɗauki goro ya tafi Madekali da ƙafarsa, kada ya yi aike.

Kada ki ga laifin kowacce. Gwaggonki tana tsoron a ce an yi wa marainiya biki a wulaƙance. Inna Kulu kuwa ƙanwarta ta binne, kunnenta bai shirya jin ganga a wannan tsakar gida ba. Dukansu Mama suke wa kara.

In da ni ce, zan raba aikin. Gidanku a bar wa Inna Kulu, ta zauna a matsayin uwa: lalle, wankan amarya, nasiha, da walima a yi wa marigayiya addu'a. Gwaggo ta riƙe anko, girki, jere da gara. Anko ba ya ƙara kamar ganga, kowa na iya sawa ya zauna walima. Kiɗa kuma a kai shi gidan Gwaggo ko can Gene, mai so ya bi. A tambayi amarya ma, don a duk wasiƙarki ban ga wanda ya tambaye ta ba.

Wasiyyar Mama ta kai magana. Ita ce aikinki a bikin nan, kada ki ɗauki wani.

Lafiyarki lau, in Allah Ya so. Wanda ya daɗe yana jinya yakan ƙame haka, kukan yana zuwa daga baya, wani lokaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. In barci ko abinci ya gagare ki, ki je likita.

Abu na ƙarshe, ba ki tambaya ba. Ranar da aka kai Bara'atu, za a naɗe tabarmi, baƙi su watse, ki rage ke kaɗai mace a gidan. Tun manya suna zaune wuri ɗaya, a yanke wa zai riƙe ki, da maganar komawarki lakwal ko koyon sana'a. A sa wannan cikin shirin biki kamar yadda aka sa shinkafa da mai.

Allah Ya sa a yi taro lafiya, Ya ba amarya zaman lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Tanti Sakinatu