Hannun da Shalele Ba Ta Gane Ba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Yaya, ya Shalelena? Ina fata tana barinki ki runtsa.

Ki kwantar da hankalinki, lafiyata ƙalau. Likitan fata ya ɗora ni kan wata allura da nake yi wa kaina a cinya, daga cikin jiki take kwantar da ciwon. Ɓawon nan da kike kakkaɓewa daga shimfiɗata kowace safiya ya daina zuba. A ɗakin wankin otal ɗin da nake aiki ma har naɗe hannun riga nake yi.

Sai dai allurar ba ta rabuwa da firij, kuma a can gida ba a samunta. Ya ce in na daina, ciwon zai dawo. Don haka bana ma ba zan zo ba.

Yaya ta ce da aka nuna wa Shalele hoton hannuna, ture wayar ta yi, wai na Mamanta mai tabo ne. Don Allah kada ku yi mata faɗa. Wancan hannun ne ya yi mata wanka, shi ta sani.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki